Jigidar da Ruwa Ya Dawo da Ita

Na gaji da jin zancen murjani. Tun kuna yara kuke raɗa shi a bayan ɗaki, kuka girma kuka kai shi gidajen aurenku, yanzu har jikokina sun iya shi: wai ni da yayata Hajo, wadda kuke kira Inna Babba, mun raba gari ne a kan murjanin da mahaifiyarmu ta bari. Ke Balki har kin taɓa tsare ni da tambaya, na ce ki tashi ki duba tukunya. To yau ga amsarki, ki karanta wa 'yan'uwanki, don idona ya fara yi mini gardama, kuma ba na so in kwanta dama ku ci gaba da ɗora mana kwaɗayin da ba mu yi ba. Murjanin nan bai cika tafin hannu ba, rabinsa ma na roba ne. Yana ɗakin Inna Babba har ta rasu, ban taɓa tambayar inda yake ba.

Sana'ar nan ta kayan ado a cinyar Innarmu muka koye ta. Ita kuma ta taso da ita daga tsohon garinsu, wanda ruwan Kainji ya shanye muna ƙanana, aka kwaso mu aka zube a tudu. Da muka yi aure duk mu biyu a Yelwa, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, da 'yar ƙofa a tsakani wadda ko asabari babu, sai muka kama rumfa guda a kasuwa. Hajo ke da ƙarfin hannu da baki, don haka ita ke aikin ƙarfe. Ta yanka sarƙa, ta buɗe ƙananan zobba da filaya ta maƙala ƙugiya, ta lanƙwasa waya ta fitar da 'yan kunne, tana yi tana ciniki tana tsokanar masu kifi da ke wucewa. Ni kuwa zura duwatsu ne nawa. In baje su a faifai, in tsince masu toshasshen ido, in jera launi bayan launi, abin wuya, abin hannu, jigida. Masu saye ado kawai suke gani. Ba su ganin wuyan da ya sanƙare, da babban yatsan da ya yi kanta har allura ba ta shigarsa, da ranar da faifai zai kife kaji su riga ki tsincewa. Ciwon bayan nan da kuke ji ina kuka da shi, har kuna cewa Inna ta cika ƙorafi, a kan wannan tabarmar na samo shi.

Innarmu tana da doka ɗaya a kan jigida. Ta sayarwa a zaren koma ake zura ta, wannan farin zaren roba da masunta ke saƙa raga da shi. A ƙulle, a ƙona bakin da ashana, a tura ƙullin cikin dutse. Amma ta ɗiyar gida sai a siririyar igiyar fatar akuya wadda baduku ya yanko, a murje ta da man shanu, a ɗaure ta a jikin mai ita. Duwatsu kan rufe zaren ruf, wanda ba ɗan sana'a ba ba zai taɓa gane bambancin ba, sai in ya sa farce ya raba duwatsu biyu ya leƙa tsakaninsu. Mun taɓa tambayarta dalili, ta ce:

"Zaren koma na kihi ne. Ruwa shina kiran kayanshi. Ba ni ɗaura ma jinina abin ruwa."

Mun yi mata dariya, babanku ma ya ce camfi ne tsagwaronsa. Duk da haka, ko bayan ta rasu, ba wadda ta karya dokar a cikinmu.

Yawancinku ba ku san Luba ba sai a suna. Ɗiyar Hajo ce, ita kaɗai mace a cikin maza, kuma ita ke ɗaukar kayanmu zuwa kasuwannin bakin ruwa, Wara da ƙauyukan Ngaski. Bakin uwarta ta gado. Abin wuyan da ya shekara a faifai ba wanda ya taya, in Luba ta rataya shi da safe, kafin la'asar an cire shi daga wuyanta an saye. A shekarar da nake ba ku labari, an kawo wasu ƙananan duwatsu ruwan goro daga Kano, mata suka sa musu suna ƙwan kifi, sai gari ya haukace a kansu. Amare, zawarawa, matan Fulani da ke kawo nono, kowa ƙwan kifi. Na zura su har in na rufe ido ruwan goro nake gani. Wata safiya Luba ta shigo ta ƙofar tsakani ta tsaya a kaina.

"Inna Kulu, duk 'yan matan gulbi na sayar ma ƙwan kihi, ni mai talla ina yawo da tsohuwa. Ba ki jin kunya?"

"Tsaya tsaye, uwar surutu, ki ɗaga riga," na ce.

Na auna ƙugunta da igiyar fata, na zura mata, na ɗaure ta a jikinta da hannuna a cikin ɗakina. Tana ta mutsu-mutsu wai ina yi mata cakulkuli.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika har ya rufe kututturan itatuwan da tafkin ya ci a tsaye. Jirgin da ke dawo da 'yan kasuwa daga wajen Ngaski ya ɗauko mutane da buhunan shinkafa fiye da ƙarfinsa, ya hau kututture ya tsage. Luba tana ciki. Ba zan tsaya ba ku labarin ihu da guje-guje ba, kun ga irinsa da idonku tun daga nan, ruwan nan bai daina ba. Sarkawa, masuntan gulbi, suka shiga da jiragensu suna lalube, gawa tana tasowa ɗaya-ɗaya, kowa yana ɗaukar tasa. Hajo ta tare a ƙauyen da ke kusa da wurin. Ni ina zuwa ina dawowa, don kai Nasiru kana nono a lokacin. Taron bakin ruwa ya yi ta raguwa, har ya zama saura mata biyu a kan tabarma, Hajo da wata mata daga wajen Shanga, manomiya, siririya, marar magana. Ɗiyarta Asabe tana aure a ƙetare, ta taso ganin gida a jirgin nan. Su biyun suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. In an kawo fura tare suke sha, in ɗaya ta gyangyaɗa ɗaya ta tsare ruwa da ido.

Ana nan sai ga ɗan acaɓa da hantsi a ƙofar gida, ya ce an samu ɗaya, yayata ta ce in zo maza. Na bar Nasiru hannun maƙwabciya na hau. Da muka isa, maza suna zaune a inuwa a ƙofar gidan sarkin ruwa, har an gina kabari a tudu, don gawar da ta daɗe a ruwa ba a tafiya da ita, nan ake rufe ta. Matar sarkin ruwa, wata tsohuwa, ta ja ni cikin ɗaki, ta yi mini bayani a hankali. Yarinya ce, tsawonsu ɗaya da duka biyun da ake nema. Fuska babu, tufafi ruwa ya kwashe, kitso ya warware. Abin da ya rage a jikinta jigida ce, ƙwan kifi, kuma kowace uwa ta ce ɗiyarta tana da irinta, daga hannun Kulu. Jigida ba abin da namiji zai duba ba ce, shi ya sa maza suka ce mata su raba gardamar, su suna jiran suna kawai, su yi salla, a san wadda za a yi wa gaisuwa. An rufe gawar da zane. Hajo tana zaune ta wajen kai, matar Shanga ta wajen ƙafa. Ina shiga Hajo ta ɗago.

"Ga Kulu nan. Ita ta zura ta, ita ta ɗaura mata da hannunta. Kulu, hwaɗa musu ta Luba ce."

Matar Shanga ba ta ɗaga kai ba. Ta ce:

"Ni ban san zare ba, ban san dutse ba. A rumhwarki munka saye ta, ni da ita, kina zaune kina aiki. Abin da kinka gani, shi ne."

Na durƙusa, tsohuwar ta ɗaga gefen zane daidai ƙugu. Aikina ne, ko a duhu na san jerina. Na sa farce na raba duwatsu biyu. Fari ne, zaren koma. Na juya ta har na kai ga ƙulli, ga ƙonar ashanata baƙa a bakinsa. Wallahi da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ba wanda ya san dokar Innarmu a ɗakin nan sai ni da Hajo, Hajo kuwa na ɗauka baƙin ciki ya rufe mata ido. In na ce ta Luba ce, ba mai musa mini har tashin ƙiyama. Na dubi yayata, wadda ta goye ni, wadda ta yi mini wankan jegon fari. Idonta yana kaina ko ƙiftawa babu. Sai na sunkuyar da kai don in guje wa idon, idona ya faɗa a kan ƙafafun matar nan, duk faso, da busasshen taɓon bakin ruwa har idon sawu. Ita ma nan ta kwana. Na ji bakina ya buɗe.

"Yaya, zaren koma ne."

"Duba dai da kyau."

"Na duba."

"Ƙila tata ta tsinke, ta ɗauki ta talla ta ɗaura."

"Hwatar da na ɗaura mata sabuwa ce, Yaya. Kuma Luba ba ta sa zaren koma a ƙugunta, a ɗakinki ta tashi."

Tsohuwar ta tambayi abin da muke nufi, na faɗa mata. Hajo ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta tsallake tabarma ta fita. Sai a lokacin matar Shanga ta fashe da kuka, kukan da aka ce ba ta yi ba tun ranar da jirgi ya nutse. Ta kama hannuna tana sa mini albarka, ni kuwa ji nake kamar in fizge. Ta wanke ɗiyarta, na zuba mata ruwa, aka sallaci Asabe aka rufe ta. Mota ɗaya muka shigo ni da Hajo zuwa Yelwa, kafaɗa na gugar kafaɗa, fuskarta tana waje har muka sauka. Luba kuwa ruwa bai dawo da ita ba, har yau. Mai zaren koma ya maido, mai fata ya riƙe. Na sha tunanin abin da Innarmu za ta ce a kan wannan.

Babanku, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai son zaman lafiya ko da a kan karkatacciyar kujera ne. Da na ba shi labari ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce:

"Kulu, kabari guda ne, salla guda ce, Allah Ya san wadda ke ciki. Da kin yi shiru, mi za ya ragu?"

"Waccan matar hwa? Ta koma Shanga ta yi ta jiran ɗiyar da anka riga anka ruhe?"

"Waccan ba ki ƙara ganinta har abada. Wagga kuwa katanga guda."

Na ji haushinsa ƙwarai, na kwana biyu ina ajiye masa tuwo ba magana. Amma bai yi ƙarya ba. Matar nan ban ƙara sa ta a ido ba, ko sunanta ban riƙe ba.

Hajo ta ƙi zaman makoki. Maza suka yi sadaka a waje, mata suka zo gaisuwa suka tarar da ɗakinta a rufe. Wanda ya ce mata Allah Ya jiƙan Luba, sai ta ce wa ya gaya maka ta mutu, ka ga gawa? Bayan wasu makonni ta zo rumfa ina zaune. Na ce sannu da zuwa, Yaya. Ta ɗauki filayarta, ta naɗe sarƙoƙi, ta tattara gwangwanayen ƙugiya da zobba a zane, ta bar mini faifaina da duwatsuna, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ba. Washegari na ji ana buga ƙusa, na fito na ga an toshe ƙofar tsakani da tsohon kwano. Kawunku Ɗanjuma ya taso daga ƙauye don sulhu, ya zauna wajenta ya zauna wajena, ya kawo ayoyi, ya kawo karin magana, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da ya gama, abin da ta ce masa ke nan:

"Ban ce ta yi ƙarya ba. Cewa na yi ba ni son ganinta."

Ya tambaye ta ƙaryar me, ta yi shiru. Ya zo ya tambaye ni, na yi shiru. Mutane kuwa ba su iya zama da shiru, dole su cika shi da wani abu, sai suka cika shi da murjani. Na ji zancen ya fito daga gidan biki, ya zaga kasuwa, ya dawo mini ta bakin masu saye. Na bar shi. Na hana babanku ya gyara. Na gwammace a ce Kulu mai kwaɗayi ce da a ce Hajo ta so ta karɓe gawar ɗiyar wata. Na zaci shekara ɗaya ko biyu za a yi a manta. Ashe suna ne na ɗauka har tsufa, har a bakin 'ya'yan cikina.

Rumfa kuwa ta zama rabin rumfa. Da girmana na koma koyon filaya, hannuna bai taɓa sabawa ba. 'Yan kunnena kullum ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙugiya in na maƙala sai ta buɗe a wuyan mutane su dawo suna masifa. Ba ni da bakin ciniki, ba mai kai kaya bakin ruwa. Da haka dai na ciyar da ku, kuna raina miya. Ƙwan kifi ban ƙara zura shi ba, ragowar na ba wata maƙwabciyar rumfa kyauta, ta zaci taɓuwa na yi. Hajo ta koma tashar jirage ta shimfiɗa buhu, ta jera 'yan sarƙoƙi a kai, wai tana sana'a. Wa ke sayen sarƙa a wurin da ake sauke kifi? Jirage take duba. Duk ranar kasuwar Wara tana nan har jirgin ƙarshe ya sauke mutanensa. Nakan bi ta can da gangan in hange ta daga nesa, in ga ta rame ko ta yi furfura, in juya. In ta yi girki ina jin ƙamshin daddawarta ta kan katanga, in ta yi tari ina ji. Abin da na riƙa lallashin kaina da shi duk shekarun nan shi ne, Hajo ba ta sani ba. Mai aikin ƙarfe ce, ta daɗe ba ta zura dutse ba, ta shiga ɗakin nan da yaƙinin ɗiyarta ce, ni na zo da mugun labari, mai kawo mugun labari kuwa ba a son fuskarsa. Wannan na iya ɗauka.

Shekarar da ciwo ya kwantar da ita, ke Balki kina da 'ya'ya uku, matar babban ɗanta ta yi sallama bayan azahar ta ce Inna Babba na kira. Na zaga ta ƙofar waje kamar baƙuwa. Na tarar Hajo ta rame ta ƙare, sai idanu. Ta sa aka fita aka bar mu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin tsuhwa, Kulu."

"Ai ke kinka riga ni, Yaya."

Ta ɗan yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta tambayi idona, na tambayi ƙafarta. Ta ce ta ga 'yan kunnen da nake yi a kunnen wata, ta ji kunya a madadin Innarmu. Na ce ai mai filaya ce ta gudu ta bar ni. Can ta ce:

"Ranan nan, kina zaton ban duba ba?"

Ban gane ba da farko, ko kuwa ban so in gane ba.

"Tun kahin a aika kiranki na sa hwarce na gani. A cinya guda munka koya, Kulu."

"To don mi kinka kira ni?"

"Don ba ni iya yin ta ni kaɗai. Na ce in ke kinka hwaɗa, ni ma sai in yarda. In wanke ta, in sa mata likkahwani, in dawo gida in yi kuka kamar kowa, in huta."

Na ce:

"Yaya, ita ma waccan uwa ce."

"Na sani. Tabarma guda munka kwana ni da ita."

Ta juya fuskarta bango, na zaci barci ya ɗauke ta, har na fara neman takalmina da ƙafa. Sai na ji ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai faɗin farashin kaya:

"Amma da Balki ce, ni da na yi miki."

Ba ta kai azumi ba ta rasu. Ni na wanke ta, haka ta bar wasiyya.

To kun ji. Ba na neman ku ce na yi daidai, ba na kuma neman gafarar kowa a kan abin da na faɗa a ɗakin nan. In aka sake shimfiɗa yarinyar nan a gabana yau, da makantata da komai, zan lalubi zaren in ce na koma ne, wata uwa ta tafi gida ta huta. Sai dai maganar Hajo ta ƙarshe, na juya ta, na juya ta, na gaji, ban samo mata amsa ba. Na san yayata. Da ke ce ruwa ya riƙe, Balki, ni ce zaune ta kai ina kallonta, da ta durƙusa ta sa farce, ta ga farin zare ƙuru-ƙuru, ta ɗago ta dubi matan nan ta ce fata ce.